HAƊA KAN OFISOSHIN JAMI'A DOMIN ƊALIBIN DA KE DAB DA FAƊUWA



Maganar da zan yi a yau ta shafi ɗalibin nan da ya shiga jami'a da murna, sa'an nan aka wayi gari ya ɓace, ba digiri, ba sallama. In an bi diddigi, sai a tarar kowane ofishi ya ga wata alama. Malamin aji ya lura ya daina zuwa lacca, ofishin kuɗi ya san ana binsa bashi, likita ya duba shi, mai kula da ɗakunan kwana ya ga ya rame. Kowa ya riƙe guntun labari, amma babu wanda ya haɗa guntayen. Abin da nake so in nuna shi ne, sau da yawa taimakon yana nan, mai haɗa shi ne babu.

Bari in kawo misali daga Amurka, watau Jami'ar Jihar Jojiya da ke birnin Atlanta, wadda fiye da rabin ɗalibanta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. A shekarar 2003, kashi 32 cikin ɗari kaɗai na ɗalibanta ke samun digiri cikin shekara shida. Abin da hukumar jami'ar ta fara yi kuwa shi ne ta daina ɗora wa ɗalibai laifi duka, ta juyo ta dubi kanta. Sai ta tara ofishin ɗaukar ɗalibai, da na rajista, da na tallafin kuɗi, da na ba da shawara, ta sa su ƙarƙashin shugaba ɗaya, Farfesa Timothy Renick.

Da aka haɗa takardun ofisoshin nan, sai wani abu ya fito fili. A kowane zango ana cire sunayen ɗalibai kimanin 1,000 saboda kuɗin makaranta, alhali da yawansu suna ƙoƙari a karatu, wasu ma suna shekarar ƙarshe, kuma abin da ya rage musu 'yan ɗaruruwan daloli ne. Saboda haka a 2011 aka ƙirƙiro wani ɗan ƙaramin tallafi da ake zuba wa irin waɗannan a asusunsu na makaranta, ba tare da sun rubuta takardar roƙo ba, tun da jami'a ta riga ta san su.

Mataki na biyu ya zo a 2012. An nazarci sakamakon ɗalibai na shekara goma, aka fitar da alamu fiye da 800 masu nuna cewa ɗalibi ya fara kauce wa hanya. Kwamfuta takan duba bayanan kowa kullum, kuma da zarar alama ta bayyana, an ɗora wa mai ba da shawara ya nemi ɗalibin cikin awa 48. An ɗauki sababbin masu ba da shawara 42 domin wannan aiki. Ga misalin alama guda: an gano cewa a fannin kimiyyar siyasa, cikin waɗanda suka ci darasin farko da kyau, kimanin kashi 75 ke gamawa a kan lokaci, amma cikin waɗanda suka sha da ƙyar, kimanin kashi 25 ne kurum. A da, wanda ya sha da ƙyar babu mai kiransa, domin a takarda ya ci. Bayan waɗannan gyare-gyare masu samun digiri sun haura kashi 50, kuma ratar da ke tsakanin baƙaƙen fata da farare ta toshe.

Amma fa akwai hattara iri biyu. Na farko, alama ba hukunci ba ce. In aka mai da ita dalilin kawar da ɗan talaka daga fanni mai wuya, to, an yi ɓarna da sunan gyara. Na biyu, sirrin ɗalibi amana ne. Abin da ya faɗa wa likita bai kamata ya zaga ofisoshi ba, sai gwargwadon abin da zai cece shi.

Wani zai ce mu ina muka ga kuɗin irin wannan na'ura? Amsa ita ce, na'ura ƙararrawa ce kawai, mutum ne ke tashi ya je. Mu ma muna da Magatakarda, da Ma'aji, da Shugaban Harkokin Ɗalibai, da asibiti, da malamai masu kula da kowane aji. Ba ya bukatar kuɗi mai yawa su zauna wuri ɗaya a kai a kai, da jerin sunayen waɗanda suka daina zuwa aji ko suka kasa biya, a damƙa kowane suna ga mutum ɗaya wanda za a tambaya a zama na gaba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kuma ɗalibai, in kun ga gadon abokin ɗakinku ya kwana uku babu kowa, kada ku yi shiru.