Garanti Ya Ƙare, Haƙƙi Bai Ƙare Ba

Daga Mai Wurno zuwa Sinnar da Wad Madani, motar boksi ita ce jakin zamani. Ita ke ɗaukar dawa da riɗi, ita ke kai majinyaci asibiti. In ta lalace bayan wa'adin garanti, sai mai sayarwa ya ce ba ruwansa, mu kuwa mu ce ƙaddara.

To, jama'a, garanti alkawari ne na kamfani mai iyaka, shari'a kuwa ta fi shi faɗi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaure, ta ba wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi zaɓin riƙe kaya ko mayarwa. Dokar Mu'amalar Jama'a ta Sudan ta 1984 ma ta tanadi wannan zaɓi.

Amma da sharaɗi. Dole aibin ya riga ciniki, kuma mai saye bai san da shi ba. Cinyewar taya ko birki ta mai mota ce. Wanda ya ga aibi ya ci gaba da aiki da motar, malamai na ɗauka ya yarda.

Don haka mu adana rasit da lambar shasi, ballantana ma yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba gidaje da yawa da takardunsu. Makaniki ya rubuta abin da ya gani. A fara da mai sayarwa, sannan dattawa, sannan kotu. A hanzarta, domin jinkiri na kashe ƙara.