Yadda Hanta Ke Gyara Kanta, da Inda Sankara Ke Samun Ƙofa

Hantarka na iya sake tsirowa ko da an yanke rabinta. Idan ta ji rauni, ƙwayoyin halittarta kan aika wa juna saƙon su hayayyafa. Da gyara ya kammala, sai wani saƙon ya tsayar da su.

Ciwon hanta nau'in B da gubar aflatoxin ta masara da gyaɗa masu fumfuna suna lalata wannan tsari, har hayayyafar ta ƙi tsayawa. Nan sankara ke farawa. Magani irin sorafenib yana toshe saƙon, amma rage gudun cutar kawai yake yi.

Don haka, ko a Bagudo kake ko Illo ko Lolo, je a gwada jininka. A yi wa jariri rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Busar da hatsi sosai kafin ya shiga rumbu.