Tsakuwar Tokar Kwal Wajen Gyaran Kankare

Idan tsatsa ta kama rodin da ke cikin gada, sai ya kumbura ya fasa kankare. Magina kan sassaƙe wurin su yi masa faci. To, amma sabon kwaɓi yakan tsuke idan yana bushewa, alhali tsohon kankare ya daina motsi tuntuni. Saboda haka facin yakan tsage, ruwa ya sake samun kafa.

Tashoshin lantarki masu ƙona kwal suna fitar da lallausar toka. Akan yayyafa mata ruwa, a mulmula ta ƙanana-ƙanana, sa'an nan a gasa da zafin da ya kai wajen digiri 1,100 na Salshiyos. A Ingila irin wannan tsakuwa ta shahara da sunan Lytag. Nauyinta kusan rabin na tsakuwar dutse ne, domin cikinta duk ƙofofi ne kamar soso.

Idan aka jiƙa ta kafin kwaɓi, sai ta riƙa sakin ruwa sannu a hankali, siminti ya sha daga ciki, tsukewa ta ragu, gada kuma ta sami sauƙin nauyi. Sai dai ba ta kai dutse ƙarfi ba, don haka wajibi ne injiniya ya gwada kwaɓin tukuna.