"An Kawo Wuta!": Me Ke Faruwa Cikin Na'ura A Wannan Lokacin?

Ko a Yelwa kake ko a Wunti, da zarar wuta ta dawo za ka ji ihun yara ya cika unguwa. Har yau NEPA muke cewa, duk da an sauya sunan zuwa PHCN a 2005, kuma tun 2013 kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke raba ta a Bauchi. Sai dai mai karatu, wannan daƙiƙa ta murna ita ce mafi wuya ga talabijin da firij da kwamfuta.

Wutar da ke shiga gidajenmu tana da ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka, kuma kai-da-komo take yi sau 50 a daƙiƙa. Kayan cikin kwamfuta ba sa cin irinta. Don haka akwai wani akwati a ciki da ke rage ta, ya daidaita ta, ya fitar da bolt 12 da 5 da 3.3. A bakin akwatin akwai manyan kafasita, wato ma'ajiyar wuta. In na'ura ta jima a kashe, babu komai cikinsu, kamar randar da ta bushe. Da wuta ta zo sai su zuƙe ta gaba ɗaya, ninkin-ba-ninkin abin da na'urar ke sha tana aiki. Abin da ke tare wannan ambaliya wata 'yar ƙwaya ce mai kamar maɓallin riga: in tana da sanyi takan rage wa wuta gudu, in ta yi zafi sai ta saki hanya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan wuta ta ɗauke ta dawo nan take, ƙwayar nan ba ta huce ba, saboda haka ƙofa a buɗe take. Shi ya sa ƙiftawar wuta kan fi ɗaukewar yini guda ɓarna.

Bayan shigar wuta kuma akwai tsari, ba kowa ke tashi lokaci ɗaya ba. A ƙa'idar ATX da kamfanin Intel ya fitar a 1995, akwai layin bolt 5 da ba ya barci muddin waya na jikin soket. Shi ke jiran ka danna maɓalli. Sannan sauran layukan su taso, kuma ba a yarda bolt 3.3 ya sha gaban bolt 5 ko 12 ba, domin ƙwayar da ke cin layi biyu, in ƙarami ya riga babba zuwa, wuta na iya bin baya ta ƙone ta. Sai komai ya zauna daram, akwatin ya ƙara jira tsakanin kashi ɗaya cikin 10 na daƙiƙa zuwa rabin daƙiƙa, kafin ya aika wa ƙwaƙwalwar kwamfuta saƙo cewa wuta ta yi kyau. Kwamfutar da fankarta ke juyawa amma allo ya ƙi kawo komai, wani lokaci wannan saƙon ne bai iso ba.

Firij nasa ciwon daban ne. Injinsa kan ja ninki biyar ko fiye na wutar aikinsa wajen tashi, kuma in an tsayar da shi, iskar gas ɗin ciki na buƙatar minti uku zuwa biyar ta lafa. Tashe shi kafin nan, sai ya yi ta gurnani yana zafi bai juya ba. Mai sayar da ƙanƙara a kasuwar Muda Lawal ya san kuɗin sabon inji.

Maɓallin jinkiri da ke jikin sitabilaiza don wannan aka yi shi, amma da yawanmu kashe shi muke yi saboda gajen haƙuri. A ganina wannan ganganci ne. Haka in an tayar da janareta: a bari muryarsa ta daidaita, a kunna firij tukuna, sannan ƙananan kaya su biyo baya ɗaya bayan ɗaya.