Kana Naka, Allah Na Nasa

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana da kowa ya sani a ƙasar Zazzau, daga Kwarbai cikin birnin Zariya har ƙauyukan Giwa da Ikara. Musulmi da Kirista duk bakinsu ɗaya a kanta, watau "kana naka, Allah na nasa." Amma sau da yawa ba mu tuna da ita sai bayan gona ta ƙi, ko kuwa yaro ya zo wa iyayensa da zancen da ba su yi tsammani ba. Ga tambayar da ya kamata kowace ƙungiyar gama kai ta yi wa kanta: idan shirin Allah ne ke tabbata, ina amfanin namu shirin? Amsar ita ce, shiri wajibi ne a kanmu, amma riƙe shi da ƙarfin tsiya shi ne kuskure.

Bishop ɗin da bai kai inda ya nufa ba

Bari mu fara da tarihin yadda bishara ta iso mu. Ran 8 ga Disamba 1856, wani Bishop Bafaranshe mai suna Melchior de Marion Brésillac ya kafa ƙungiyar Fadoci ta SMA a birnin Liyon. Nufinsa shi ne ya tafi Dahomey, ƙasar da ake kira Jamhuriyar Benin yanzu. Amma shugabannin Ikkilisiya a Roma suka ce Saliyo zai tafi. Ya yi biyayya, ya sauka Firitawun ran 14 ga Mayu 1859, ya tarar ana annobar shawara. Ran 25 ga Yuni ya rasu. Cikin watan nan guda abokan aikinsa huɗu su ma suka rasu.

A idon mutum, aiki ya ƙare ke nan. Amma Fada Augustin Planque, wanda aka bari a Liyon, ya riƙe ƙungiyar. A 1861 Fadocin SMA suka shiga Dahomey ɗin nan da aka hana maigidansu. Daga baya suka iso Legas da Lokoja. A 1907 Fada Oswald Waller da 'yan'uwansa biyu suka sauka Shendam, suka kama noma don su ciyar da kansu. 'Yan wannan ƙungiya ne suka yi aiki a Kaduna da Zariya shekara da shekaru, har aka kafa Dayosis na Zariya a shekara ta 2000, Bishop George Dodo ya zama shugabanta na fari. Wanda ya shuka bai ga ko tsiro ba, ga mu muna cin amfanin.

Ko a nan gida an ga irin wannan. Likita Walter Miller na mishan CMS ya zauna cikin ganuwar Zariya tun 1905, yana so aikinsa ya kafu a nan. A 1929 aka mai da mishan ɗin bayan gari, a Wusasa. A can ne coci da makaranta da asibiti suka bunƙasa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya sha wahalar fassarawa.

Abin da gona ta koya mana

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba. Kafin a gama farfaɗowa, a 1975 kuturtar gyaɗa ta cinye wajen hekta 700,000 a Arewa. Wani ɗan ƙwaro ne mai tsotson ganye yake yaɗa cutar. Manomin da ya ɗora harajinsa da auren ɗansa da biyan bashinsa duka a kan gyaɗa, ya tashi hannu wofi.

To, me ya biyo baya? Manoma da yawa a yankin Zariya da Funtuwa suka juya ga masara, wadda a dā 'yar bayan gida ce, ana gasawa a ci. Da sabon iri da takin zamani ta zama abincin gida da na kasuwa. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuma suka dukufa har aka sami irin gyaɗa masu jure cutar, cikin waɗanda ake kira Samnut. Ba mu ce Allah yana jin daɗin hasarar kowa ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya zauna yana kukan tsohon shirinsa bai ga ƙofar da aka buɗe ba. Wanda ya share hawaye ya ɗauki fartanya, shi ya gani.

Dogara ba lalaci ba ce

Waɗansu sukan ce, "Tun da Allah ke yi, ba sai na sayi taki ba." Wannan ba bangaskiya ba ce, ragwanci ne. Ku duba labarin Yusufu cikin Littafin Farawa. Bai shirya zuwa Masar ba, 'yan'uwansa ne suka sayar da shi. Amma da Allah ya nuna masa yunwa tana tafe, bai naɗe hannu ba. Ya tara hatsi a rumbuna shekara bakwai, ya ceci jama'a har da waɗanda suka cuce shi. Hanyar ta Allah ce, aikin awo da ajiya kuwa Yusufu ne ya yi.

Sa'ad da kira ya shigo gida

Gwaji mafi wuya shi ne na 'ya'ya. Uba ya sa rai ɗansa na fari zai gaji gandu, sai yaron ya ce yana so ya shiga seminari. Uwa tana tara kayan ɗaki, sai 'yarta ta ce za ta zama Sista. Hasarar hannu ɗaya a gona ba wasa ba ce, kada kowa ya raina damuwar iyayen nan. Amma 'ya'ya amana ce, ba dukiyarmu ba.

Haka kuma kuskure ne a tura yaro aikin Fada don a sami suna a gari. Majalisar Vatikan ta Biyu, wadda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ta koyar cewa kowane mai baftisma an kira shi zuwa tsarki. Aure kira ne, aikin katikis kira ne, noma ma kira ne. Waliyyi Isidore na ƙasar Sifen ɗan ƙodago ne a gonar wani, da matarsa. Ana tunawa da shi ran 15 ga Mayu, daidai lokacin da muke duban gabas muna jiran ruwan shuka.

Yaya za a gane kira? A yi addu'a, a nemi shawarar Fada da dattawa, a ba abin lokaci. Sha'awar da ta zo da zafi takan huce da wuri. Kiran gaskiya yakan daɗe, ya zo da kwanciyar rai da son yi wa mutane hidima.

Shawara ga ƙungiyoyi

1. Ku rubuta shirin damina tun da rani, ku buɗe taro da addu'a, ku rufe da lissafi.
2. Kada ku zuba ƙarfinku duka a kan amfani ɗaya. Ku haɗa dawa da masara da wake da gyaɗa.
3. Ku shuka gyaɗa da wuri, kusa da kusa, don haka yana rage kuturta.
4. Kada ku ci bashin da damina ɗaya mara kyau za ta raba ku da gona.
5. Ku keɓe hatsi a rumbun ƙungiya saboda wanda gonarsa ta ƙi.
6. Gidan da ya ba da ɗa ko 'ya ga aikin Ikkilisiya, ku yi masa gayya lokacin noma da girbi.

Ta haka ɗan'uwa zai iya karɓar nufin Allah ba da fargabar yunwa ba, gama sau da yawa taimakon Allah ta hannun maƙwabci yake zuwa. Mu gyara gona, mu shuka iri mai kyau, mu bar zancen ruwa ga Mai ruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.