Zariyar Wando da Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayi

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Fagge ana saura kwana uku Sallah ya san sirrin ɗinki yana hannu. Yadi ɗaya aka yanko daga Kantin Kwari, awo ɗaya, keke ɗaya, amma rigar da maigida ya ɗinka ta zauna a jiki, ta yaronsa kuwa ta murɗe. Na sha jin dattijon tela yana ce wa almajirinsa, "Kai yaro, sassauta hannunka, bar keken ya ci da kansa." Inda aka ja, inda aka saki, inda aka danne, nan riga take samun kamanninta.

Masana sun daɗe suna karanta halittar ɗan tayi ta fuskar awo, wato ƙwayoyin gado da sinadaran da ke ba da umarni. Daga baya suka lura cewa a cikin mahaifa ma akwai ja da turi da matsi, kuma Allah Ya sanya su cikin sabubban da ke gina ƙwaƙwalwa da laka.

A mako na uku da shigar ciki, abin da zai zama ƙwaƙwalwa shimfiɗe yake kamar ƙyalle a kan tebur. Kowace ƙwayar halitta a wannan ƙyalle tana da siririn zare da ya zagaye bakinta. Sai zaren ya tsuke, kamar yadda mutum yake jan zariya bakin wando ya tattaru. Idan dubbai suka tsuke tare, ƙyallen ya lanƙwashe, gefunansa biyu su taso su haɗu, ya zama bututu. Kansa ya zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama laka. Wajen kwana 28 an gama wannan ɗinki.

Daga nan sai jijiyoyi su fara miƙewa. Akwai wadda take tashi daga ƙasan laka ta kai babban yatsan ƙafa, tsawonta a jikin babba ya kusa mita ɗaya. Ta kama wurinta ne tun ɗan tayi bai kai tafin hannu ba, jiki yana girma yana janta, ita kuma tana ƙara tsawo ba tare da ta tsinke ba. A 1984 Dennis Bray a Ingila ya maƙala siririyar allurar gilashi a jikin ƙwayar jijiya ya riƙa ja a hankali, sai jijiyar ta yi ta tsiro tana bin allurar. Zaren tela idan an ja shi sirancewa yake yi, wannan kuwa ja ne abincinsa.

Sai maganar lanƙwashe-lanƙwashen ƙwaƙwalwa. Masu ɗinkin mata sun san tattara: a haɗa faffaɗan yadi da matsattsen ƙugu, dole yadin ya yi ninki. Ɓawon ƙwaƙwalwa yana faɗaɗa fiye da abin da ke ƙarƙashinsa, alhali suna manne da juna. A 2016 L. Mahadevan na Jami'ar Harvard da Tuomas Tallinen da abokan aikinsu suka kwaikwayi ƙwaƙwalwar ɗan tayi mai mako 22 da wata roba mai taushi, suka shafe ta da wata mai kumbura, suka tsoma a ruwan sinadari. Bayanta ya kumbura, nan take ta tattare irin ta mutum. Da wannan ninki ne kusan kashi biyu cikin uku na ɓawon yake ɓoye a cikin kwaruruka, ƙoƙon kai ya iya ɗaukarsa.

To, yaya jijiya take sanin tauri da taushi? Ku dubi uwargida a kasuwar Sabon Gari tana latsa tumatir kafin ta ce a zuba. Bakin jijiya mai tsiro haka yake lalube. Ɗakin binciken Kristian Franze a Kambirij ya nuna a 2016 cewa jijiyoyin idon ɗan kwaɗo suna karkata zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa mafi taushi, kuma idan aka toshe wata 'yar ƙofa a jikinsu mai suna Piezo1, sai su ɓace hanya.

Wanda ya gano ƙofar, Bertrand Coste, ya riga ya gama digirin digirgir, ya zauna ƙarƙashin Ardem Patapoutian a Kalifoniya, tamkar tela da aka yaye amma ya ci gaba da zama a shagon maigida don hannunsa ya ƙara faɗawa. Yana latsa ƙwayoyin halitta da tsinken gilashi, yana kashe ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya don ya gano wadda take sa su jin latsawar. Guda 71 ba su ba shi komai ba, sai ta 72. An wallafa aikin a 2010, Patapoutian ya karɓi kyautar Nobel a 2021. Mahaƙurci mawadaci. Ina fatan ganin 'ya'yanmu na Jami'ar Bayero a irin waɗannan ɗakuna, su kuma dawo gida su buɗe nasu.

Amma akwai abin da ya shafe mu tun yau. Idan bututun nan bai rufe ba, a nan ake haifar jariri da ƙulli a gadon baya, laka a waje, wani lokaci ƙafafu ba sa motsi. Sau da yawa rufewar tana faruwa kafin mace ta tabbatar tana da ciki. Ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 kullum, tana rage wannan haɗari sosai idan an fara sha tun kafin ɗaukar ciki. Maigida, yadda kake kai ɗinkin Sallah tun kafin azumi, haka za ka raka iyalinka asibiti a ba ta wannan ƙwaya tun ciki bai shiga ba.