Kafin Ki Sayi Fom ɗin Makarantar Ungozoma, Duba Takardunki

Mata da yawa a garuruwanmu sun gama sakandare shekara goma ko sha biyar da suka wuce, aure da goyo suka ɗauke musu hankali, yanzu yara sun tasa, sha'awar aikin asibiti ta dawo. Irin waɗannan mata su ƙauyuka suka fi buƙata a ɗakin haihuwa, domin suna zaune daram a garinsu, kuma mai naƙuda ta fi sakin jiki da wadda ta san zafin abin. Sai dai da yawansu ba a jarrabawar shiga suke faɗuwa ba. A wajen tantance takardu ake mayar da su gida, bayan sun kashe kuɗin fom da na mota, saboda tun farko ba su cike darussan da ake so ba.

Hukumar da ke da wuƙa da nama a wannan fanni ita ce Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Sharaɗinta ga mai son karatun ungozoma na shekara uku shi ne kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma kada su wuce zama biyu. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 an ci, amma ba kiredit ba ne, kuma ba za a lissafa su ba ko da maki ɗaya ya hana. Wannan doka ba ta duba shekarun mai nema. 'Yar shekara sha takwas da 'yar talatin da biyar ma'auni ɗaya ake ɗora su a kai.

A nan ne masu komawa karatu suke yawan ruɗewa. Wata za ta ce ai tana da kiredit bakwai, ta manta cewa bakwai ɗin Hausa ne da Addinin Musulunci da Gwamnati da makamantansu. Duk darussa ne masu daraja, amma ko ɗaya ba ya maye gurbin Fiziks. Haka Kimiyyar Noma ko Ilimin Kiwon Lafiya ba sa tsayawa a madadin Bayoloji, duk da kamar da suke yi da shi. Wadda ta yi NCE ko wata difloma, har ma wadda ta yi makarantar koyon kiwon lafiyar al'umma tana aiki a asibitin shan magani, za a sake tambayarta waɗannan biyar ɗin.

Maganar zama biyu ita ce ta fi cin mutane, don haka bari mu daɗe a kanta. A ce mace ta rubuta WAEC lokacin da take aji shida, ta samu Turanci da Bayoloji. Bayan shekara biyu ta rubuta NECO ta samu Lissafi. Yanzu saura Kemistiri da Fiziks, sai ta ga ai abu ya zo da sauƙi, ta yi rajista ta mayar da hankali a kan waɗannan biyun kawai. Ta ci su, ta haɗa biyar cif, amma a takarda uku, kuma takarda uku ba ta karɓuwa. Abin da ya kamata ta yi tun farko shi ne ta baje tsofaffin sakamakonta, ta zaɓi guda ɗaya wanda ya fi ɗauke da darussan da ake so, ta ajiye sauran. Duk abin da babu a cikin wannan ɗayan, dole ta ci shi a sabon zama guda. A misalinmu ke nan za ta riƙe takardar farko, ta sake rubuta Lissafi tare da Kemistiri da Fiziks, ko da yake ta taɓa cin Lissafin. Ni a ganina ma, wadda ta daɗe da barin aji gara ta cike biyar ɗin gaba ɗaya. Idan Allah ya ba ta su a zama guda, ta huta da jayayya, kuma karatun da ta yi musu shi ne dai zai yi mata amfani a jarrabawar shiga.

Tsohon sakamako ba ya lalacewa don ya tsufa. Na JAMB ne yake aiki na shekara ɗaya tak. Wadda ba ta makaranta tana da ƙofofi a buɗe: WAEC tana shirya wa masu zaman kansu jarrabawa a farkon shekara da kuma ƙarshenta, NECO ma tana da tata a ƙarshen shekara. A irin waɗannan ba a shiga ɗakin gwaje-gwaje, ana amsa tambayoyin gwajin ne a rubuce. Wannan sauƙi ne ta wata fuska, amma wadda ba ta taɓa ganin an haɗa sinadari ya canja launi ba, za ta sha wuyar bayanin abin da ba ta gani ba. Ta nemi malamin kimiyya a wata sakandare kusa da ita ya nuna mata ko sau 'yan kaɗan ne.

Akwai masu ƙorafin me ya haɗa karɓar haihuwa da Fiziks. Wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin haihuwa ba zai yi wannan tambaya ba. Ungozoma ce ke lissafin ɗigo nawa ƙarin ruwa zai riƙa sauka a minti ɗaya. Ita ce ke auna hawan jini, ta gane mai ciki ta doshi jijjiga, ta auna allurar da za a yi mata daidai, domin maganin jijjiga idan ya yi yawa yana iya tsayar da numfashi. Ita ce ke rubuta yadda naƙuda ke tafiya awa bayan awa, ta san lokacin da za a tura mace babban asibiti. Duk wannan da Turanci ake karanta shi, da shi ake rubuta shi. Shi ya sa nake jan kunnen masu zuwa cibiyoyin da ake ba da amsa a biya kuɗi. Kiredit na saye yana iya shigar da mutum makaranta, amma yawancin makarantun suna yin jarrabawar tankaɗe da rairaya bayan watannin farko, a gaba kuma ga ta Majalisa wadda sai an ci ta ake samun lasisi.

Tsarin shiga ma ya canja. Kwalejojin jinya da yawa sun koma ba da difloma ta ND da HND, wanda ya sa sai an bi ta JAMB. A can darussa huɗu ake cikewa: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kuma da kwamfuta ake amsawa, sannan ba a rajista sai da lambar NIN. Digirin jinya na jami'a, mai shekara biyar, shi ma waɗannan darussan yake nema. Akwai kuma kwas ɗin ungozomar karkara na shekara biyu, wanda aka tsara don matan da za su koma yi wa yankinsu aiki. Wadda take zaune a ƙauye ta fara tambayar wannan a kwalejin jiharta.

Mace ba sai ta yi wannan fafutuka ita kaɗai ba. Daga 2012 wani shiri mai suna Women for Health, da tallafin gwamnatin Birtaniya, ya kawo karatun share fage a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, inda ake ɗauko matan karkara, har da masu aure da goyo, a koya musu kimiyya su sake rubuta jarrabawa. Shirin ya ƙare, amma wasu jihohin sun ɗora daga inda ya tsaya. A Kano kuma akwai Hukumar Ilimin Manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, da azuzuwanta na matan aure.

Sai batun suna, wanda ake rainawa har ya zama matsala. Takardar sakandare tana ɗauke da sunan mahaifi, katin ɗan ƙasa kuma an sa na maigida, ko ranar haihuwa ta bambanta. A gyara wannan tun kafin rajista, kuma abin da ya fi sauƙi shi ne a bar komai a kan sunan da ke takardar farko.

'Yar'uwa, kafin ki biya ko sisi, ɗauki takardunki ki je ofishin ɗaukar ɗalibai na kwalejin da kike so. Ki tambaye su ko suna karɓar haɗin WAEC da NECO, ko suna da iyakar shekaru, ko ta JAMB ake shiga bana. Ki kuma tabbatar sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda Majalisa ta amince da su, domin wadda ta yi karatu a makarantar da ba ta da izini ba za a ba ta lasisin aiki ba.